Karatun Wendell na Ranar Talata

A banɗaki Glenda ta fara kama shi. Ya saki famfo don ƙarar ruwa ta rufe muryarsa, amma kunnen Glenda ba na wasa ba ne. Mijinta Wendell ne ke kokawa da tsohon Turanci, yana kakari kamar ƙaya ta maƙale masa a wuya.

Wendell fa! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injinan girbi a nan garin Saskatoon na ƙasar Kanada. Har ta yi ritaya, Glenda tana koyar da wani littafin tsohon Turanci mai labaran matafiya masu zuwa ziyarar ibada, tana tilasta wa kowane ɗalibi ya miƙe ya karanta su da lafazin mutanen da, amma ko baiti ɗaya Wendell bai taɓa yarda ta koya masa ba. Nasa dai ya miƙe ƙafa bayan cin abinci ta karanta masa, ya yi dariya inda ake batsa, ya yi gyangyaɗi inda ake wa'azi.

Lafazin ne ya ƙona mata rai. Yana jan wasalin ƙarshe, ja irin na yanga, kuma mutum ɗaya ce a garin nan take jansa haka: Lorna Petrakis, wadda a da ajinta ke kusa da na Glenda a makaranta, suka shekara da shekaru suna gaisuwar fatar baki. Lorna mai turare kamar an ɓarar da kwalba. Lorna da mijinta ya rasu bara.

Nan take komai ya fara haɗuwa. Kowace Talata wai Wendell yana shan kofi da tsofaffin abokan aiki, ya dawo yana ƙamshin biredin kirfa. Ga wata sabuwar kyautatawa da ba ta roƙa ba: shi ke tuƙa ta kasuwa, shi ya ƙara fitilu a matakala, shi ke gyara mata kujera kafin ta zauna. Glenda ta ce a ranta, wannan laifi yake wankewa.

"Kofin ya yi daɗi, tsoho?"

"Kofi dai kofi ne, Malama."

Kishi ya hana ta cin abinci ranar, wallahi har cokali sai da ta yi wa tsaki.

Da Talata ta zagayo, ta kira tasi zuwa gidan Lorna. Ƙofar Lorna a buɗe take. Glenda ta yi tuntuɓe da wasu manyan takalma a bakin ƙofa, warin man inji ya gaya mata na wane ne. Ta bi murya har kicin. Kuma duk labaran littafin nan, sai na matar da ke alfahari da yawan mazan da ta aura ya ga damar karantawa! Lorna na ƙyalƙyala dariya tana cewa, "A'a, Wendell, sake. Buɗe bakin sosai mana."

"Sannunku da karatu!" in ji Glenda. "Ke Lorna, mazan garin nan sun ƙare ne sai nawa? Kai kuma, ga malama a gidanka, ka tsallake ta ka zo a cusa maka gurgun lafazi? In ita kake so ka faɗa min yanzu, yau ɗin nan in kwashe kayana in koma garin Regina wajen yayata."

Lorna ta fara magana, Wendell ya ce, "Bari, Lorna." Kujerarsa ta yi ƙara. Ya zo ya kama kafaɗun matarsa a hankali, ya juyo da ita wajensa.

"Da na ce ki koya min, da kin tambaye ni dalili. Na ga ba ki shirya a yi maganar ba."

"To na shirya. Ina jinka."

Sai ya ce:

"Tun lokacin kaka, da ka kike karanta min, Glenda, littafi a hannunki amma ko sau ɗaya ba ki juya shafi ba. Ran da haddarki ta ƙare, dole a samu wanda zai karanta miki a gidanmu, tunda idanunki sun daina gani."