Muryar Lukasi a Rediyo

Malaiya ta saka rigar sanyinta, ta duba agogo. An ce ta je ofishin Akawun Majalisa ƙarfe goma, ta tafi da katin aikinta. Wanda aka ce ya zo da katinsa kuwa ya san sauran zancen.

Shekara goma sha tara ke nan tana zama a ɗan akurkin gilashi na tafintoci. Ɗan majalisa Lukasi Pitsiulak ya yi magana da Turanci, ita ta juya zuwa Inuktitut, harshensu na gida, rediyo ya kai har garinsu Sikuvik. Yayanta ne, ciki ɗaya. Yana ɗan shekara shida jirgi ya ɗauke shi zuwa makarantar kwana, ya dawo da gemu amma babu harshen gida, ko gaisuwa sai ya yi ta tuntuɓe. Saboda haka duk abin da tsofaffin Sikuvik suka taɓa ji daga bakinsa, da muryar ƙanwarsa suka ji shi.

Kuma fa suna son abinsu, sau biyar suna zaɓensa. Samari masu jin Turanci kan ja tsaki in an ambace shi, to amma samari ba sa fita zaɓe, kuma wa ke tambayar ra'ayinsu? Tsofaffi kam sun haddace maganganunsa: tallafin wata-wata haƙƙi ne ba sadaka ba, kuma mutumin da aka raba da karnukansa na jan kaya da farautarsa aka zaunar a gidan katako, ba a tambayarsa dalilin yunwarsa. Mahaifiyarsu, wadda da tallafin nan ta rayu, takan ajiye ɗinkin fata ta manna kunne a rediyo har a tashi zama. Yau kwana goma sha biyu da binne ta.

Sai jiya, ana muhawara kan sabon ƙudurin tallafi. Lukasi ya miƙe, aka ji muryar Malaiya tar a rediyo: masu karɓar tallafi cima-zaune ne, a yanke wa duk mai ƙafa biyu da hannu biyu, yunwa za ta koya musu aiki.

Kafin a tashi daga zaman, Sikuvik ta hargitse. Wayar rediyon gari ba ta huta ba, wasu kuka, wasu zagi, kuma ba wanda ya zagi Lukasi. Da safen nan Goggo Sipora, ƙanwar mahaifinsu, ta kira ta a waya.

"Ke Malaiya, mutuwar uwarki ce ta taɓa miki kai? Ki rasa wanda za ki yi wa ƙazafi sai ɗan'uwanki? To ki sauka a garin nan ki gani, ko ƙayar kifi ba mai miƙo miki."

Malaiya ta ajiye wayar. A garin da kowane maharbi ke raba namansa gida-gida, a tsallake ƙofarka ya fi ɗauri ciwo. Ga kuma rantsuwar da ta yi ranar kama aiki, cewa ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba. In aka same ta da karya wannan, aiki ya tafi, suna ya tafi, ba ta da garin komawa. Tsoro ya hana ta ko kurɓar shayi.

A ofishin ta tarar da Akawu, da Lukasi ya harɗe hannu bai ko dube ta ba, da tsoho Josipi, tafintan da ya koya mata aiki, wanda aka ɗauko daga ritaya don ya yi hukunci. Lukasi sai faɗa yake, wai shi bai ga abin tashin hankali ba, shekara nawa yana gaya wa mutanen nan gaskiya suna tafa masa. Akawu ya roƙe shi ya yi haƙuri, aka kunna faifan jiya.

Josipi ya sa Turancin a kunne ɗaya, fassarar a ɗayan, ya lumshe ido. Malaiya ta kafe fuskarsa da kallo. In ya yamutse hanci, a'a ke nan, tata ta ƙare. Minti ashirin tsohon nan bai motsa ba, kai ka ce barci ya yi.

Can ya cire abin kunnen, ya ɗaga gira, alamar e a wurinsu.

"Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kalma da kalma."

Akawu ya ba ta haƙuri, ya ce ta mayar da katinta aljihu. Matsalar dai mutanen Sikuvik ne, da baki kawai ba za su yarda ba. Nan Lukasi ya saki fuska ya kawo dabara: a fito da fayafayen shekara goma sha taran gaba ɗaya, Turancin da fassarar, Josipi ya bi su ɗaya bayan ɗaya a rediyon gari, kowa ya ji da kunnensa. Akawu ya ce tun yau za a fara. Lukasi ya taso ya dafa kafaɗarta.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Yanzu za su san ban taɓa canza magana ba, ke ma ba ki taɓa yi mini ƙarya ba."

Malaiya ta ja kujera ta zauna. Tun ranar da ya fara miƙewa a majalisa, ya buɗe baki da zancen cima-zaune, ta tuna mahaifiyarsu ce ke zaune gaban rediyo a gida tana jiran muryar ɗanta, sai ta faɗi wani abu daban. A duk shekarun nan goma sha tara, jiya ce rana ta farko da ta fassara abin da Lukasi ya faɗa.