Uwargidan da Aka Ce Sunanta Ya Mutu

Malama, tunda kin ce abin da ke hana ki sukuni shi ne wa zai ambace ki bayan ranki, bari in ba ki misali. A ƙasar Jamus, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, lokacin da kusan kowane tudu yake da ɗan sarkinsa, an yi wata matar basarake da Allah bai ba ta haihuwa ba. Mutanen suna da wata al'ada: in namiji na ƙarshe a gidan sarauta ya rasu, sai a ɗauko garkuwar da ke ɗauke da tambarin gidan, a fasa ta a bakin kabari, a zuba gutsattsarin ciki, wato gida ya ƙare ke nan. Haka aka yi ranar da aka binne mijinta, tana tsaye tana kallo, abin kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai. Sarauta ta koma hannun wasu, ita aka ba ta wani tsohon gida a ƙauye ta ƙarasa kwanakinta. Ba ta zauna zaman makoki ba. Dama ta koyi haɗa magani wajen kakarta, sai ta cika bayan gidan da shuke-shuke, ta girka tukwane, tana dafa saiwoyi da furanni, tana haɗa man shafawa. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama, jaririn da sanyin hunturu ya kama wa ƙirji, duk ƙofarta ake bugawa. Talakawa ba su da abin saka mata, sai suka riƙa roƙonta ta riƙe musu jarirai a coci ranar suna. A wurinsu, wadda ta riƙe yarinya a ranar ta zama uwarta ta biyu, sunanta ake raɗa mata. Sauran matan manya sun ɗauki wannan zubar da girma ne, su da ko gaisuwar manomi sai sun ga dama suke amsawa. Ita kuwa ba ta taɓa cewa a'a ba. Sau nawa jaririya ta jiƙa mata rigar alharini, ta yi dariya ta ce albarka ce.

Bayan tsufa ya kama ta, sai yayarta ta kawo mata ziyara, wata mai 'ya'ya maza reras, mai yawan tausayin da ba a roƙe ta ba. Tun da ta sauko daga keken doki take jajanta mata: ba ɗa, ba jika, suna ya tafi a banza. Maganar ta fama mata tsohon miki. Ranar kuwa ana bikin girbi, filin gaban coci ya cika maƙil, ana kiɗa ana rawa. Ƙanwar ta kutsa cikin taro tana gaisawa da mutane, yayar ta neme ta ta rasa. Duk garin ba mai kiran uwargida da sunan yanka, amma ita ai yaya ce, sai ta ɗaga murya ta ce, "Sidoniya, ina kika shige?" Matar mai gasa burodi ta waiwayo. Wata mai jariri a kafaɗa ta ce, "Na'am." 'Yan matan da ke rawa suka tsaya cak, matar maƙeri ta ajiye tulunta ta nufo ta, wata 'yar mitsitsiya ta baro agwaginta ta sheƙo da gudu. Kusan rabin matan filin suka amsa. Yayar ta saki baki, ta rasa wadda za ta kalla. Ita kanta uwargidan ɗaya bayan ɗaya ta riƙe su suna jarirai, ba ta taɓa jin sun amsa a tare ba. Daɗi ya kama ta, ta yi ta dariya har da hawaye, takwarorinta suka kewaye ta suka ja ta cikin rawa, da sandarta da komai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.