Injin da Ba Ya Ƙara

Wani kafinta yana kunna sabon injin goge katako a gidansa, kwanukan kicin suka hau rawa. Matarsa ta fito a fusace. Wata guda yana zaga shaguna neman mara ƙara saboda ciwon kanta, ashe wannan ya kwaso?

"Malam, mai shagon nan ya cuce ka. Wannan ai ya fi tsohon ihu!"

Sau uku tana faɗa a bayansa, bai waiwayo ba. Sai da ta dafa kafaɗarsa ya juyo yana murmushi.

"Kin gani? Ga araha, ga shiru. Yanzu kya samu barci."

Nan ta gane injunan shekara talatin sun cinye masa kunne, kuma mai shagon ya riga ta ganewa.