Jarkar Manaja

"Iska ba ta shan dizal," in ji manaja. "Lita arba'in ta ɓace a tafiyarka ta jiya. Ko ka faɗi wanda ka sayar wa, ko ka ajiye makulli."

Tsohon direban ya sake bayani: idan iska na bugo tirela ta gaba, injin yakan ƙara wahala, ya ƙara shan mai. Manaja ya ce gobe tare za su tafi. Ya sa aka zuba daidai litar da takardarsa ta nuna, ya datse tankin da kwaɗo.

Iska ta tare su tun daga fita. Saura kilomita uku su kai gidan mai, mota ta mutu.

Ba a barin tirela babu direba, don haka manaja ne ya ɗauki jarka, iska na tura shi baya. Ya dawo yana haki, ya ɗaga gorar ruwan direban ya shanye tas.

Direban ya girgiza gorar a hankali.

"Ranka ya daɗe, ruwan kwana biyu ne a ciki. Wa ka sayar wa?"