Rabin Ƙosan Hassan

Ni da Hassan tagwaye ne. Wata rana muka dawo gida Ƙofar Kuyambana da takarda daga firamare: an ɗauke ni ajin masu hazaƙa, shi kuwa an tura shi ajin "D", wanda yara ke kira ajin daƙiƙai.

Inna tana suyar ƙosai. Da na karanta mata, sai ta tsamo guda ɗaya, ta raba mana biyu daidai.

Ta ce, "Ko hula ban taɓa saya wa ɗayanku shi kaɗai ba. Wa ya ba malam ma'auni?"

Na cinye nawa ina murna. Hassan ya riƙe nasa har ya huce.

Allah ya jiƙansa. Har yau ƙamshin ƙosai kunya yake ba ni.