Dutsen da ƙadangaru suka zaɓa

Rishonmu ya yi “fuf” ya mutu, kananzir ya ƙare. Gawayin ma ruwan kwana uku ya jiƙa shi. Ina shekara tara a lokacin, muna Tudun Wada, ƙanina bakwaini yana da kwana goma sha biyu a duniya. Inna ta taɓa ƙafarsa ta ce, “Innalillahi, yaron nan ya yi sanyi.” Ko kuka ya daina.

Bayan azahar rana ta ɗan leƙo. Inna ta ce, “Yi maza bayan gida, ki dubo min inda ƙadangaru suka kwanta. Su ba sa kuskuren wurin ɗumi.”

Na same su a kan wani baƙin dutse, sun manna ciki, sun baje ƙafafu. Ƙasa duk sanyi ƙalau, amma dutsen kamar an sauke tukunya a kansa. Inna ta shimfiɗa zani ya ɗau ɗumi, ta naɗe shi tare da ƙirjinta, bakinta na rawa da addu’a. Inuwa ta iso, ƙadangarun suka hau sama, muka bi su da rarrafe. A dutse na uku ya tsala kuka. Inna ma ta fashe da nata.

Jiya na kama hannun ɗana zai jefi ƙadangare, na ba shi wannan labarin na kawunsa. Ya yar da dutsen da ke hannunsa, ya ce, “Umma, matso nan, kin tare wa ƙadangaren rana.”