Kalandar Sarkin Sin

Karo na uku ke nan jirgin ruwa ya kawo mana kalandar Sarkin Sin, a sabon lardin da rundunarsa ta ci can kudu da teku, inda damina ke sauka lokacin da ake sanyi a ƙasar Sin. Kalandar ta ce a yi shuka a watan farko, kuma duk wanda ya sauya mata kwana ɗaya, kansa za a sare. Sau biyu muka bi ta, sau biyu sanyi ya ƙone gero. A na biyun na binne 'yata.

Wata tsohuwa ta tare gwamnan da Sarki ya naɗa mana a bakin gaɓa, ana sauke akwatin kalandar. "Ranka ya daɗe, tunda Sarki ya ci ƙasar, a ce masa ya ci sanyin ma mana."

Gwamna ya dube mu a wulaƙance. "Ji bakinta! Ku da kuke warin kifi har kun isa ku ga rubutun Sarki? Wata shida za ku yi kuna ƙona wa akwatin nan turare kafin in buɗe shi."

Muka yi ta ƙona turare muna tsine masa a zuci. Ni har yawu nake tofarwa in ya wuce.

Ranar da wa'adin ya cika, ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi. Gwamna ya fasa hatimin akwatin, ya karanta da ƙarfi, bai sauya ko kalma ɗaya ba: "Watan farko. A yi shuka."

Ina kusa da shi. Ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shafa wuyansa, sai na gane da gangan ya ja mana wata shidan nan.